Kwano Ba Ya Komawa Wayam

Tun da suka bar Badar bakin Najwa ya mutu. Ita da ta cika musu kunne tun daga Jidda, tana nuna wa mijinta kowane dutse da kowane raƙumi kamar ita ta ajiye su a wurin, yanzu ta jingina kai da gilashin mota, ta rungume jakarta ta goyo a ƙirji, ta yi tsit.

Bakri, abokin mijin nata da ya ɗauko su daga Yanbu a motarsa ta dakon kifi, ya leƙa madubi.

"Amarya, lafiya? Ko kifinmu na jiya ne bai karɓe ki ba?"

"Lafiya lau, Yaya Bakri."

Zakiru ya waiwayo daga kujerar gaba ya dube ta. Bai tambaye ta komai ba, don ya san ba kifi ba ne. Madina ce take matsowa.

A Madina aka haifi Najwa, a unguwar Ƙiblatain. Mahaifiyarta, Hajiya Ƙaltume, duk Juma'a takan tuƙa tuwo sadaka ga ɗalibai da ma'aikata 'yan gida, waɗanda kewar miyar kuka ta dama. Cikin masu zuwa cin tuwon nan har da Zakiru, ɗalibi daga Kano, siriri, mai kunyar tsiya. Daga miƙa kwano da karɓar kwano, abin da Allah ya rubuta ya faru.

Ita kuwa Hajiya ta riga ta gama shirinta. Walid take so, ɗan ƙanwarta, mai takardar ɗan ƙasa da gida a Azizya, wanda zai riƙe mata 'ya a kusa da ita. Najwa ta ce ita fa atafau. Da rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, baffanta na Kano, wanda shi ne waliyyinta tun rasuwar mahaifinta, ya sa aka kai masa ita, ya ɗaura aurenta da Zakiru.

Ranar da za ta tafi, Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa, idonta a bushe.

"Idan kin bi shi, kada ki ƙara tako min gida. In kika tako, abin da zai fito daga bakina ba zai yi miki daɗi ba."

Tun daga ranar ba ta ƙara ɗaga wayarta ba.

To, wannan maganar ce Najwa take ɗauke da ita, ta fi jakar bayanta nauyi. Albarkar uwarta ta zo nema, kuma tana tsoron ta je nema ta samo baki. Shi ya sa da suka gama Umara ba su miƙe hanya ba. Sai suka goya jakunkunansu, suka ce ziyarar abokai suke yi. Su hau bas, su sauka, wani ya rage musu hanya, wani ya riƙe su kwana. Jidda, Ɗa'ifa, su sake gangarowa bakin teku har Yanbu. Hanyar da ake ci a wuni ɗaya, suka mayar da ita ta makonni.

Kuma kai, Bahaushe da saƙo! Duk gidan da suka sauka, sai an ƙulla musu wani abu. Idrisa na Ɗa'ifa ya cusa wa Zakiru kwalbar zuma da ta ruwan wardi, Bakri ya ƙara da busasshen kifi.

"Ku fa ku ji tausayin bayana," in ji Zakiru. "Ni jaki ne?"

"Riƙe dai, Malam. Za ka ga ranarsa a gaba."

Haka kowa yake ce masa. Abin da kawai bai samu a tafiyar ba shi ne mai tausaya wa cikinsa. Zakiru ba ya shiri da barkono ko kaɗan, su kuwa abokan nasa kamar da gayya suke zambaɗa shi. Kowane gida sai ya ci yana sharɓe hawaye, ana yi masa dariya.

Da allon shiga gari ya bayyana, Bakri ya rage gudu ya fara salati, suka amsa. Muryar Najwa ta karye a tsakiya. Garin da aka binne cibiyarta, yau da bizar baƙi ta shigo shi.

* * *

Bayan an sauko daga Juma'a Bakri ya sauke su a Jurf, gidan Alhaji Maiturare, ya juya don kada kifinsa ya lalace. Maiturare dattijo ne mai shagon turare kusa da Harami, shi ne uban ɗakin Zakiru tun yana ɗalibi. Ya rungume shi yana jijjigawa.

"Ahlan, ahlan! Kai, wannan wane irin ƙamshi ne a jikinka? Ni da na tsufa a turare ban san shi ba."

Zakiru ya sosa ƙeya. "Daddawa ce, Alhaji. Tun daga Kano take cikin jakar."

Maiturare ya yi dariya har da tari, ya ja shi majalisar maza. Ita kuma Najwa, Asama'u matar gidan ta riƙo hannunta zuwa ciki, ta zaunar da ita, ta ajiye mata faranti. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, man shanu na yawo a kai.

"Bismilla. Ba na son jin na ƙoshi."

Najwa ta wanke hannu, ta gutsuro, ta kai baki. Loma ɗaya. Hannunta ya tsaya a iska.

Akwai mata da yawa a Madina masu kaɗa miyar kuka, amma mutum ɗaya ce take fasa baƙin busasshen lemon Larabawa a ciki, ta kuma sa barkonon da zai taɓa mutum har kunne.

"Yaya Asama'u..." Ta ɗago kai. "Wa ya yi miyar nan?"

"Ci abincinki."

"Don girman Allah ki faɗa min. Wallahi hannun Ummi ne. Ko a mafarki aka ba ni zan gane."

Asama'u ta sauke numfashi, ta zauna kusa da ita.

"Ita ce. Da hantsi ta aiko."

Najwa ta kifa kai a cinyar Asama'u ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana haɗiyewa. Asama'u ta bar ta ta yi mai isarta, tana shafa bayanta.

"Ta san na zo?"

"Ke ma kin san Madina. Akwai abin da ke ɓuya tsakanin 'yan gida?"

"Me ta ce? Ta ambaci sunana?"

"Ba ta ce komai ba. Kwano kawai na gani."

"To ko ba don ni ba ne? Ko sadakar Juma'arta ce ta saba?"

"Wannan kuma ita za ki tambaya." Asama'u ta miƙe, ta shiga kicin, ta fito da kwanonin langa guda biyu, babba da ƙarami, masu zanen fure da ya soma goguwa. Murfin babban yana da ɗan ɓalli a gefe, inda Najwa ta yar da shi tana ƙarama ta sha tsawa. "Ga su, na wanke. Ni gwiwata ta hana ni fita. Ku za ku mayar mata."

Najwa ta ja da baya kamar an miƙo mata garwashi.

"Ni? Yaya, kin manta abin da ta ce? Idan ta yi min baki a garin Manzo, ina zan sa kaina? Gara in koma Kano da shirunta, da in koma da fushinta a bayyane."

"Shirun nata ya bar ki kin yi barci?"

Najwa ta sunkuyar da kai.

"To tashi. Kuma kin fi ni sanin uwarki, ba a mayar mata da kwano wayam. Ki nemi abin da za ki zuba."

Aka kira Zakiru bakin labule. Yana jin bayani ya jawo jakarsa ya zuge. Zumar Idrisa, ruwan wardi, kifin Bakri. Maiturare da ke tsaye a bayansa ya zura hannu a aljihu ya ɗora ɗan ƙullin turaren wuta a kai, yana kallon silin kamar ba shi ba.

Zakiru ya dube shi, ya dubi kayan.

"Alhaji... da ma duk kun sani?"

"Mu mun san me? Mu dai mun ci tuwo."

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Zakiru. Idrisa, Bakri, duk wanda ya sauke su a hanyar nan, babu wanda bai taɓa zama a tabarmar Hajiya Ƙaltume ranar Juma'a ba. Sai "Allah ya saka" yake ta maimaitawa.

Babban kwano ya cika. A ƙaramin kuwa, ya lalubo can ƙasan jaka ya fito da daddawar nan da ta hana kayansa ƙamshi. Mahaifiyarsa ce ta ƙulla da hannunta, ta ce a kai wa surukarta in Allah ya sa an ga fuska.

* * *

La'asar sakaliya suka sauka daga tasi a bakin layin. Kowa da jakarsa a baya, don Asama'u ta hana su barin jakunkunan a gidanta, ta ce ita ba ta ajiyar kayan matsorata. Najwa na riƙe da babban kwano, Zakiru da ƙarami. Tana tafe tana tirjewa.

"Ustaz, ƙafata ta ƙi."

"To mu tsaya ta huta."

"Idan ta kore mu fa?"

"Sai mu ce mun gode, mu tafi. Gobe mu dawo."

"Idan ta yi min baki?"

Zakiru ya gyara riƙon kwanon. "Zan roƙe ta ta ɗora a kaina. Ni na ja."

Farar mota mai sheƙi tana fake a ƙofar gidan. Najwa ta gane ta, ta Walid ce. Kafin su ƙwanƙwasa aka buɗe, sai ga Walid, farar riga ƙal, makulli na lilo a yatsa. Ya dubi Najwa, ya dubi Zakiru daga takalminsa mai ƙura har igiyar jakar da ta ci kafaɗarsa. Ya yi murmushin da bai kai ido ba.

"Masha Allah. Najwa, wannan ne abin da kika zaɓa? Jaka a baya, gari gari, kamar waɗanda aka kora daga haya?" Hausarsa a karye take, rabi Larabci, amma cizonta ya isa. "Ni da na ce ko jakar hannu ba za ki ɗauka ba."

"Salamu alaikum, Walid," in ji Zakiru.

Ya amsa da ƙyar, ya miƙo hannu. "Halas, ya isa, kawo kwanon, zan kai. Hala ba ta son ganin kowa." Hala yake ce wa Hajiya, wato inna da Larabci.

Zakiru ya matsar da kwanon jikinsa.

"Ka yi haƙuri. Aiko mu aka yi, kuma hannu da hannu aka ce."

"Kai za ka koya min gidan nan?"

"A'a. Amma a gidan nan na koyi cewa ɗan aike ba ya ba da saƙo a hanya."

Walid ya buɗe baki, sai murya ta fito daga ciki, a hankali, ba ta ko ɗaga ba.

"Walid. Wane ne?"

Najwa ta ƙanƙame kwanon, don muryar Hajiya ce.

"Masu kawo kwano ne, Hala."

"Tun yaushe ake tsare mai kwano a ƙofata?"

Walid ya kauce, suka shiga. Hajiya Ƙaltume na zaune a kan darduma a tsakar falo, carbi a hannu. Ta rame. Najwa ta ga furfurar da ba ta bari ba tana leƙowa ta gefen mayafi. Suka durƙusa daga nesa, jakunkuna a baya, ko saukewa ba su yi tunani ba. Hajiya ba ta dube su ba.

"Wa ya aiko ku?"

"Yaya Asama'u ce, Ummi."

"Ajiye ku tafi."

Najwa ta ajiye kwanon, amma ba ta tashi ba. Ta rarrafa har gaban dardumar, hawaye na ɗiga a kan kafet.

"Ummi, ki dube ni ko sau ɗaya. Ko zagina za ki yi, ki dube ni ki zaga."

"Na faɗa miki kada ki tako."

"Kin faɗa. Wallahi tun daga Jidda nake gudun ƙofar nan. Na kewaya ƙasar nan kaf don tsoron bakinki. Amma na ci miyarki yau, Ummi, na kasa haɗiyewa. Ba abin da na rasa a gidan mijina, bai taɓa ɗaga min murya ba, mahaifiyarsa ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Amma duk abin da na samu sai in ji kamar na aro ne, tunda ba ki sa albarka ba."

Carbin ya tsaya. Hajiya ta ɗago, idonta jawur.

"Kin san a goye aka kawo ni garin nan? Ban san kowa nawa ba a can gida. Ubanki yana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Ke kaɗai Allah ya bar min, nake cewa ke za ki rufe min ido, ki bi ni da addu'a kusa da inda nake kwance. Na zaɓa miki wanda zai bar ki a gabana. Sai ga wani, na ba shi tuwo da hannuna, ya cinye, ya waiwayo ya ɗauke min ke." Ta dafa ƙirjinta. "In na yi tari da safe, bango ne yake ce min sannu. Kin san wannan?"

Kuka ya ci ƙarfin Najwa.

Zakiru ya matso da gwiwa, kansa a ƙasa.

"Hajiya, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Na ci abincinki ina baƙo ba ni da kowa, kuma ni ne sanadin kaɗaicinki. Ba ni da takardar da za ta zaunar da ita a Madina, ba ni da gida a Azizya. Ƙafa nake da ita da wannan jakar. Na kawo miki ita, kuma muddin ina numfashi, duk lokacin da Allah ya hore zan sake kawo ta. In akwai maganar da za ki faɗa mai zafi, don Allah ki faɗa a kaina. Ita ki bar ta."

Walid ya yi tsaki daga bakin ƙofa. "Hala, in fitar da su?"

Hajiya ba ta ko kalle shi ba. Ta jawo babban kwanon ta buɗe. Ta ɗaga kifin ta juya shi.

"Bakri." Ta ɗaga zumar. "Idrisa. Wannan kuma ƙullin tsohon nan ne, Maiturare." Ta girgiza kai. "Munafukai. Tun da kuka sauka Jidda wayata ba ta huta ba. Wannan ya kira, Hajiya ga 'ya'yanki sun iso Ɗa'ifa. Wancan ya kira, Hajiya Zakiru ya ba ta kujerar inuwa shi ya zauna a rana. Wa ya tambaye su? Mutum ya ciyar da yara, su girma su haɗa masa kai."

Ta ja ƙaramin kwanon. Tana ɗaga murfin, warin daddawa ya cika falon. Ta ɗauki ɗaya ta kai hanci, ta rufe ido.

"Ta kalwa ce."

"Mahaifiyata ce ta yi," in ji Zakiru. "Ta ce a gaishe ki, a kuma yi miki godiya. Ta ce ke kika riƙe mata ɗa lokacin da hannunta bai kai ba."

Najwa ta daina ko numfashin kirki, tana kallon bakin uwarta, tana jiran abin da zai fito.

Hajiya ta shafa gefen ƙaramin kwanon da yatsa. A karo na farko ta juya ta dubi Zakiru sosai.

"Miyar da ke cikin wannan, wa aka ba?"

Zakiru ya tuna a majalisa Maiturare ya tura masa wani kwano daban, ya ce wannan naka ne.

"Ni ne, Hajiya."

"Ka yi hawaye?"

"A'a... Tun da muka fito, yau ne kaɗai na ci abinci ban yi ba."

"To." Ta mayar da murfin. "Tukunya biyu na ɗora. Da tsufana."

Najwa ta dubi kwanon, ta dubi uwarta, ta dafe baki. Shi kuwa Zakiru, da ya daure tun daga bakin ƙofa, sai ga hawaye shar, yana sharewa da bayan hannu wasu na biyowa.

"Ji min yaro," in ji Hajiya, ita ma tana goge nata da bakin mayafi. "An sa barkono ya yi kuka, an cire ya yi kuka. Walid, sauke wa ɗan'uwanka jakar nan, tun ɗazu yake durƙushe da ita."

Walid ya tsaya kamar ba zai motsa ba. Sannan ya zo ya kama igiyar, ya ɗaga, nauyin ya fizgi hannunsa. Ya dubi Zakiru wani iri, ya jingina ta da bango.

Hajiya ta miƙa hannu ta jawo kan Najwa ta ɗora a cinyarta. Ɗaya hannun ta miƙa wajen Zakiru, ya sunkuyo.

"Allah ya yi muku albarka. Ku biyun. Allah ya ba ku masu yi muku abin da ya fi wannan."

"Amin, Ummi. Amin. Mun gode, mun gode..."

"Ya isa, kin jiƙa min zane." Ta tura mata kwanonin da ƙafa. "Kai su kicin, kin san wurinsu. Kuma Juma'a mai zuwa kada wanda ya sa ni aika kwano har Jurf. Ƙafafunku ƙalau suke."